Bindigar da Royce Ya Ce Ta Tsufa

Wendell na cikin layi a bajekolin bindigogi a jihar Montana ta Amurka, kafaɗarsa sai zugi take yi. Bara ya sayar da bindigar marigayi mahaifinsa, saboda Royce Tillery, gwanin rubutu a mujallar mafarauta, ya ce harsashinta ya tsufa, barewa ma sai dai ya yi mata susa. Ya sayi mai ƙaton harsashi da Royce ya yaba. Duk harbi sai ta yi masa shurin jaki a kafaɗa, har lokacin farauta ya wuce bai kawo ko kofato gida ba. Yau ya zo neman shawarar Royce.

Ya tarar da Royce yana yi wa jama'a huɗuba. "Ƙaton harsashi na 'yan burga ne. Mafaraucin gaske tsohon harsashi yake riƙewa, kamar na wannan."

Ya ɗaga wata bindiga. A gindinta Wendell ya hango tabon ƙunar da sigarin mahaifinsa ya taɓa yi wa tasu bindigar.

"Yallaɓai, a ina ka same ta?"

"Wani sakarai ne ya rabu da ita," in ji Royce yana dariya. "Irin mutanen nan da ke gaskata duk abin da suka karanta a mujalla."