Ɗakin Inna Ya Yi Faɗi

Shekarar da albasar Goronyo ta yi daraja, ɗanta ya ɗauko ƙwararren mai ƙawata gida tun daga Sakkwato, don a fitar da ɗakin Inna kunya.

"Ɗakin ya matse," in ji ƙwararren. "A kwashe tarkace, a sa madubi bango guda."

Tarkacen kuwa su ne randarta, da gadon ƙarfenta, da ƙusar da take rataye tasbaha. Aka shafe bango sumul, aka shimfiɗa tayil mai santsi, aka mayar da ƙofa wani ɓangaren, wai can ta fi tsari. Ba wanda ya tambaye ta. Ina ruwan tsohuwa da ado?

Washegari da la'asar ɗan ya tara maƙwabta kallo, suka tarar da ita zaune tsakiyar ɗaki.

"Inna, mi kinka ce? Ya yi hwaɗi ko?"

Ta juyo da idanunta da suka daina gani tun shekarar da aka buɗe dam, ta miƙa hannu ta lalubi iska.

"Ya yi hwaɗi ƙwarai, ɗan nan, Allah shi yi albarka. Tun da sahe nika biɗar ƙohwa in yi alwala."