Yashi Mai Riga

Tun da masana'antar nan ta kafa bututunta a bakin kogi, yashi ke shiga ta wannan kai yana fita ta wancan, ba tsayawa, kowace ƙwaya sanye da rigar roba. Ba ya shan ruwa. Wai don kada gini ya jiƙe. Iska kuwa ta watsa shi ko'ina, har maƙabarta.

Yau muka kai Baba. An jera itace a kan kabarin, saura a kwaɓa ƙasa a liƙe. Na zuba ruwa, ya gangare kamar a kan leda.

Kawu Ɗanjuma, ƙanen Baba, wanda ke aiki a masana'antar, ya dafa ni. "Haƙuri, Sallau. Muna da ruwan da ke tuɓe rigar. Sai dai yau ba a buɗe ofis."

"Kawu, yayanka ne fa a ciki! Shi mun kawo shi da likkafani kaɗai, ƙasar ce ta samu riga?"

Muna tsaye, muna jin yashin yana zurara ta tsakanin itacen, yana sauka a kan Baba.