Ƙofar Mai Zaman Banza

Zoben katako na uku ke nan Mai Rediyo ya yanka, tsohon da ya kawo motar ya ce bai yi ba.

Aikin ba mai wuya ba ne. Sabuwar lasifika ta fi ramin ƙofar motar girma, sai a yanka zoben katako a ɗaure shi a ƙofar, a ɗora lasifikar a kansa. Shekara ashirin Mai Rediyo yana wannan sana'a. Amma bai taɓa ganin wanda ya ce a yi masa ƙofa ɗaya tak ba, ita ma ta gefen mai zaman banza.

"Baba, a sa duka biyun mana, sauti ya daidaita."

"Ban zo neman daidaito ba."

Motar ta sha wuya. Gefenta a lotse, madubi ɗaure da roba. Tsohon da bakinsa ya faɗa: shekara talatin yana tuƙi ko ƙwarzane babu, amma cikin wata biyun nan sau uku yana goga ta. Babban ɗansa ya rantse in aka yi na huɗu, zai karɓe makulli, magana ta ƙare. Yadda lasifika za ta hana hatsari, wannan bai faɗa ba. Mai Rediyo kuma bai tambaya ba.

Zobe na farko a shimfiɗe yake, sauti yana dukan ƙasa. Tsohon ya ce ƙafarsa ba ta da kunne. Na biyu an ɗan karkata shi, sauti ya fito da kauri, da daɗi. Ya ce daɗin ya yi yawa. Na uku kuwa, wai ya yi ladabi.

Tsallaken titi wata 'yar jar mota, gilashi a rufe, sai danna hon take yi. Mai Rediyo ya yi tsaki, ya ɗauki zarto.

Na huɗu ya yanka shi gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya siriri, yadda bakin lasifikar zai kalli kunnen direba sosai. Ya rage kaurin sautin, ya bar tsininsa. Sannan ya sassauta noti ɗaya da gangan don ta riƙa karkarwa. Shekara ashirin yana cire ƙara daga ƙofofin mutane, yau shi ke sa ta da hannunsa. Ya duba hagu da dama kada wani ɗan sana'a ya gan shi.

Tsohon ya zauna, ya ja bel, ya riƙe sitiyari. Ya jona wayarsa. Ya ce wata murya ce jikarsa ta ɗauka bara, don a yi dariya.

Ƙofa ta buɗe baki.

"Malam, rage gudu! Ba ka ga mai keken nan ba? Hannu biyu! Wa kake gaisarwa? Kalli gabanka! Wayyo, yau bawan Allahn nan zai kashe mu!"

Tsohon ya lumshe ido. Kafaɗunsa suka sauka. Karo na farko tun safe ya yi murmushi.

"Ita ce," ya ce. "Har karkarwar."

Mai Rediyo ya dubi kujerar gefe. Ta loɓa a tsakiya, alamar zaman mutum ɗaya shekara da shekaru. Ga wani tsohon mayafi a ninke a kai. Wata biyu. Sai yanzu ya gane. Muryar matar tsohon ce. Ya ajiye sukundireba, ya rusuna bakin taga.

"Allah ya jiƙanta, Baba. Allah ya ba ka haƙuri."

Jar motar nan ta sake danna hon, dogo, mai karkarwa.

Tsohon ya buɗe ido ya harare shi.

"Ya jiƙan wa? Ga ta can ta rako ni, wata biyu ke nan da ta sayi tata ta rantse ba ta ƙara shiga tawa."