Romon Maijego

Shekarar da farar dango ta sauka a Dukku ta ƙasar Kwantagora, Irmiya na cikin mazan da dagaci ya ɗiba aikin tilas. Bature ya aiko da buhunan dusa daga Kwantagora, an cuɗa ta da guba, su kuma suna bin bakin gonaki suna barbaɗawa. Fara ta ci, ta zube kamar ganye.

Irmiya mutum ne mai kaffa-kaffa. Kullum sai ya wanke hannu da toka a rafi kafin ya shiga gida, don matarsa Marta na jego. Ya kuma kafa doka: ko ƙafar fara kada ta shigo masa gida, a soye ko a ɗanye.

To, maijego sai da romo, ga shi gidan ko kaza babu. Sai Allah ya kawo sauƙi. Zabin daji sun yi ƙiba a shekarar, sun kuma yi nauyin jiki, har da sanda yake buge su. Tsuntsu daga sama gasasshe! Yakan miƙa wa Ruka, tsohuwar maƙwabciyarsu mai kula da jegon, ta fige ta dafa da yaji. Shi ko ɗanɗanawa ba ya yi, ita ma ya hana ta. Naman Marta ne.

Karen gidan, mai cin kayan cikin, shi ya fara mutuwa. Sannan Marta ta kama amai da murɗar ciki. Jaririn ya bi bayanta, ya yi ta ƙanjamewa a bakin nono har ya koma.

Tsoro ya kama Irmiya. Ya ƙara yawan romo ko ta yi ƙarfi, ita kuwa sai baya take yi. Mutane suka fara ƙus-ƙus: wa ke shiga ɗakin nan safe da yamma?

Aka jawo Ruka tsakar gida, aka sa ta tsallake Marta don ta saki kurwarta.

"Ɗan nan, ni na yanke maka cibiya," in ji ta, tana kuka.

"Shi ya sa kika san hanyar gidana, Iya," in ji Irmiya.

Da jifa aka raka ta bayan gari.

Washegari Irmiya ya samo wata zabuwar, ya zauna zai gyara da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Zuciyarsa wasai, tunda an kori mayya. Daga ɗaki Marta na kiran sunansa da ƙyar, ya ce ta yi haƙuri, romo na nan tafe.

Ya sa wuƙa ya tsaga ƙundun. Cike yake da fara, da dusar da ya barbaɗa da hannunsa.