Zobe na Uku

Kafintan ya kwance ƙafar teburin daga injin, ya shafa ta da yatsa. Ga shi nan kuma: siririn zobe na uku a wuyan ƙafar, ɗan karkatacce.

Zobe biyu ya zana a kwamfuta, wallahi biyu. Injin nan ba ya ƙari, ba ya ragi. A ɗaure masa katako a tsakanin haƙoransa, ya yi ta juya shi kaifi na sassaƙa. Kaifin ya gama ya ɗaga, katakon kuwa ya ci gaba da juyawa har a kashe.

Na ukun nan hatimin Baba ne. Shekara talatin duk ƙafar da ta fita daga shagon nan da shi take fita. Baba kuwa wata biyar ke nan da rasuwa, kuma ko arba'in ba a yi ba ɗan ya sayar da tsohon injinsa na hannu ya kawo wannan.

Ya goge zanen ya sake. Ya canza kaifi. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce lafiya ƙalau. Aikin safe ya fito da biyu, na azahar da uku.

Tsoro ya hana shi sakat. Ya rame, har Umma ta lura sa'ad da ta kawo masa abincin rana kamar kullum.

"Umma, Baba fushi yake da ni. Gobe zan rufe shagon nan."

"Kai dai je ka ci abincinka a inuwa, ni zan zauna maka," ta ce, tana kakkaɓe garin katako daga mayafinta.

Ya fita, amma ko loma bai ci ba. Ya ajiye kwanon ya dawo.

Kaifin ya ɗaga, katakon na juyawa. Umma na tsaye a kansa, ta naɗe hannun riga, ta kafa 'yar wuƙar sassaƙa a wuyan ƙafar, hannunta ko rawa ba ya yi.

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Ubanka bai taɓa iya zoben nan ba, ɗan nan. Shi ma abinci nake tura shi ya ci."