Zanen Jikin Ƙofa

Ranar da majalisar garinmu ta amince da taswirata, na tarar da Baba a kicin yana ɓare kaguwa.

Shekara biyu na yi a birnin Raleigh ina digiri na biyu kan tsara garuruwan bakin teku. Bincikena ya nuna katangar tare ruwa ba za ta wadaci tsibirinmu duka ba. Na ce a kare layin otal-otal, tunda masu yawon buɗe ido ke riƙe da garin. Unguwarmu ta masunta ta faɗo wajen katangar. Malamaina suka yaba.

"Malama mai taswira," in ji Baba, ko ɗagowa bai yi ba. "An ce kin ba teku gidanmu."

"Ba ni ba ce, Baba, awo ne ya nuna."

"To zo ki nuna min."

Ya ja ni bakin ƙofa, inda yake zana tsayina da fensir tun ina ƙarama. A ɗaya gefen yana zana inda ruwan kowace guguwa ya tsaya. Nawa zanen ya daina hawa ina shekara sha shida. Na ruwa bai daina ba.

"Nan da shekara ashirin, ina ruwan zai kai?" in ji shi.

Na miƙa hannu, ban kai ba. Sai da na taka kujera, sannan na zana wurin.

Ya daɗe yana kallon zanen a saman kansa, sannan ya riƙe min kujerar.

"Sauko a hankali, 'yar nan. Gobe ki tambayo min otal ɗin naku, ko suna neman mai ɓare kaguwa."