Keken da Ba Shi da Mazaunin Inna

Tun da ka ce keke za ka saya don hanyar dutse, ɗan'uwa, tsaya in ba ka misali kafin ka shiga kasuwa.

An yi wani manomi a wani ƙauye bisa dutse, inda mota ba ta hawa. Yana da baƙin keke irin na da, gadon mahaifinsa, mai nauyi kamar turmi. Giyarsa a rufe take cikin wani gwangwanin ƙarfe a tsakiyar ƙafar baya, laka ba ta shiga, tsakuwa ba ta taɓa ta. A bayan sirdi akwai kariya mai faɗi. Kariyar nan ta ɗauki buhun masara, ta ɗauki akuya, amma babban aikinta ɗaukar tsohuwarsa ne, don tana da ciwon numfashi. In ya taso mata, sai ya ɗaure matashi a kan kariya, ta hau ta riƙe ƙugunsa, ya gangara da ita asibitin gindin dutse, yana jin numfashinta a bayansa kamar zarto a busasshen itace. Ba su taɓa makara ba. Aibin keken ɗaya ne, duk dutsen da ya taka sai ya aika wa mai shi saƙo a ƙashin baya.

Ran nan ya sauka birni, ya ga wani firam na gwanjo, wato gangar jikin keke, rataye a rumfar mai kekuna, ja wur, da sifirin gaba da baya, da gaɓa a tsakiya mai lanƙwasawa kamar gwiwar mutum. Ya danna sirdin, ya nutse, ya taso a hankali. Mai rumfa ya ce, "Maigida, in ka hau wannan, kai da ciwon baya kun yi hannun riga." Manomi ya zagaya shi, ya ce, "To ina kariya?" Mai rumfa ya yi dariya. "Kariya kuma, sai ka ce ɗan garuwa? In ka matsu, mai walda na nan, wata rana ka kawo." Aka yi musaya. Ya bar tsohon firam da kariyarsa, ya ce dai ƙafar bayan keken mahaifinsa ba zai rabu da ita ba, a ɗaura masa ita a jikin sabon. Aka ɗaura. Aka yanke sarƙa daidai, aka ɗaure ta tam, keke na tsaye babu kowa a kansa. Shi kuwa irin wannan firam, duk sanda ƙafar baya ta hau dutse, gaɓar nan takan motsa, sarƙa ta miƙe, ta kuma saki. Giyar da sabon firam ɗin ya zo da ita tana da ɗan hannu mai lilo da ke tattare sakin. An cire shi tare da ƙafarsa, an jefa cikin akwatin tarkace, ba wanda ya waiwaye shi. Manomi ya hau ya kewaya gaban rumfa, ana yi masa kirari. Kwalta kuwa ba ta tona asirin keke.

Da ya zo gindin dutse bai hau ba, tura shi ya yi har gida, kada tsakuwa ta karce fenti. Ya lulluɓe shi da tsohon zane a zaure. Sai ranar Juma'a yake fito da shi, ya ɗan zagaya filin masallaci, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma. Tsohuwar ta shafa jan ƙarfen da tafin hannu, ta ce, "Yana da kyau, ɗan nan. Ni ina zan zauna?" Ya ce, "Inna, wata rana zan kai a sa miki."

Ciwon bai jira ranar ba. Da hantsi ya zo, cikin damina, ta dawo daga tsinko rama. Ya fito da keke da matashi a hannu, ya tsaya yana dubawa. Baya babu wurin ɗaurawa, gaba babu miƙaƙƙiyar sanda, sai sifirin. Ya jingina tsohuwar da bango, ya ce bari ya ɗauko mai allura. Dutsen farko sarƙa ta faɗi. Ya sauka ya mayar. Bai yi nisa ba ta sake faɗuwa. Hannunsa ya yi baƙi da mai, yana mayarwa yana kiran sunan Allah, sirdin kuwa lafiya lau, laushi kamar cinyar uwa. A bakin rafi sarƙar ta tsinke gaba ɗaya. Ya yar da keken ya sa gudu. Ko da suka hawo shi da mai allura, an riga an rufe mata fuska da zanen nan da yake lulluɓe keke.

Bayan an share makoki ya koma rumfar, ya ce a ba shi tsohon firam ɗinsa. Aka ce ai tuni an sayar. Yana fitowa sai ga shi ya wuce ta gabansa, ya gane shi da tabon walda a wuya. Wani saurayi ke tuƙawa. A kan kariya wata tsohuwa ce zaune, ta riƙe ƙugun ɗanta, suna tafe suna hira.

Yanzu da ƙafa yake hawan dutsen nan, kuma bai ƙara cewa bayansa na ciwo ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira, an rasa ido.